Basir: Ana kunyar likita, ba a kunyar mai lasifika

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san su. Tun kafin mutum ya ƙarasa kara, inda ake cinikin shanu da raƙuma da tumaki, muryarsu ce za ta fara tarbarsa. Wata tsohuwar mota ce aka ɗaura wa lasifika a ka, an baje kwalabe da jarkoki da ƙulle-ƙullen garin magani a bayanta, mai ita kuma yana ta zuba kamar kanya. Ciwon baya basir ne. Kumburin ciki basir ne. Kasala da yawan barci basir ne. Wanda ya kasa biya wa iyalinsa buƙata, shi ma wai basir ne ya tsinke masa jijiya. Daga nan sai batsa ta biyo baya, irin wadda ɗa ba zai iya tsayawa ya saurara tare da mahaifinsa ba, alhali ga mata na wucewa, ga yara 'yan talla sun yi cirko-cirko suna ɗaukar karatu. In an tsallaka iyaka ranar Laraba zuwa kasuwar Birnin Konni, irin wannan hayaniyar ce dai za a tarar.

Abin mamaki ba ya ga mai lasifikar, shi kam abincinsa yake nema ta hanyar da ya zaɓa wa kansa. Abin mamaki yana ga saurayin da ya yi wata uku yana ganin jini duk lokacin da ya zaga, bai gaya wa kowa ba, ya ce shi ba zai iya buɗe tsiraicinsa gaban likita ba saboda kunya, amma ga shi tsaye tsakiyar kasuwa da rana tsaka, cikin wannan taron batsa, yana miƙa kuɗi ana ba shi jarka. Wace irin kunya ce wannan da take hana mutum shiga ɗaki a rufe da mutum ɗaya, amma ba ta hana shi tsayawa a nan?

Ya kamata 'yan uwa su san cewa magabata ba su ɗauki wannan ciwo abin ɓoyo ba. Ita kanta kalmar basir daga Larabci ta zo. Sahabin Manzon Allah (S), Imrana bin Husaini (RA), ya yi fama da shi, ya kuma je ya faɗa da bakinsa, ya tambayi yadda zai yi salla, aka ba shi sauƙin yin ta a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Buhari ya kawo wannan, kuma a kansa malamai suka gina hukuncin sallar maras lafiya har yau. Da ya yi shiru don kunya, da al'umma ta rasa wannan ilimi ta hanyarsa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi magana ƙarara a kan danshin basir da ke taɓa tufafi, suka yi rangwame ga wanda abin ya lazimce shi kullum. Babban likitan tiyatar nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya rubuta yadda ake ɗaure basir da yadda ake yanke shi a littafinsa At-Tasrif. Ba sai ma an je nesa ba. A nan ƙasar Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya rasu a 1837 aka rufe shi a Wurno, duk da nauyin mulki da yaƙi da ke kansa, ya zauna ya wallafa littafi sukutum a kan wannan ciwo, mai suna Al-Ƙaulul Manthur, kan magungunan cutar basir. In Sarkin Musulmi bai ga wannan ya rage masa girma ba, to ɗan kabu-kabu ko ɗan dako girman me yake tsoron ya zube? Balle kuma malamai ba su yi saɓani ba cewa larura tana halatta wa likita duba al'aura gwargwadon buƙata.

To mene ne basir ɗin na gaskiya? A ƙarshen hanji, daidai mafita, Allah Ta'ala ya halicci wasu 'yan matasai na tsoka da jijiyoyin jini, kowane ɗan Adam yana da su, aikinsu su taimaka wajen rufe ƙofa don kada iska ko ruwa su kuɓuce. Idan mutum ya daɗe yana yunƙuri da nishi, ko bayan gida ya riƙa zuwa da tauri, ko zawo ya yi yawa, sai waɗannan matasai su kumbura, su saki, su fara zamowa ƙasa. Shi ke nan basir. Akwai na ciki, wanda galibi ba ya zafi, alamarsa jini ne ja wur da ke ɗiga bayan an gama ko a gan shi lokacin tsarki. Akwai na waje, wanda ke ƙarƙashin fata, yana ƙaiƙayi, wani lokaci jini ya daskare a cikinsa ya zama ƙullutu mai azabar zafi. Likitoci sun kasa na cikin gida huɗu: wanda ke jini amma ba ya fitowa, wanda ke fitowa ya koma da kansa, wanda sai an sa yatsa an mayar da shi, da wanda ya fito ya ƙi komawa. Kowane mataki da irin maganinsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙaryar jarka ɗaya mai warkar da kowa.

Basir bai hawa kai. Bai sa ciwon baya, bai kashe mazakuta, bai hana haihuwa. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma kowace da dalilinta. Raunin namiji sau da yawa daga ciwon suga yake, ko hawan jini, ko damuwa, ko ƙwayoyin da ake afawa. Mutum na iya shekara biyar yana shan maganin basir saboda wannan, suga na nan na cinye masa jijiyoyi da idanu da ƙoda, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai nuna shi cikin minti guda. Haka yaron da duburarsa ta zazzago bayan doguwar gudawa ko tamowa, a ce basir ne ko ɗankanoma, a yi ta tura masa jiƙe-jiƙe, wannan hanji ne da kansa ya fito, kuma abin da yake buƙata a tsayar da gudawar, a ba shi maganin tsutsa, a gyara masa abinci.

Amma mafi hatsari shi ne jinin. Lallai yawancin jinin da matashi zai gani a wannan wuri daga basir ne, ko daga tsagewar fatar mafita, wadda ke zuwa da raɗaɗi kamar an yanka da reza. Sai dai ba duka ba. Atuni na kawo jini da majina. Tsargiya ta hanji, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da fadama, na kawo jini. Gyambon ciki na sa bayan gida ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta. Sannan ga sankarar hanji, wal'iyazu billah, wadda farkonta ba ta da wata alama da ta wuce irin ta basir. Likitocin tiyata a Nijeriya sun daɗe suna kokawa cewa masu wannan cuta ba sa zuwa sai ta ci ƙarfinsu, kuma da yawa cikinsu ba tsofaffi ba ne. Tambayi irin waɗannan majinyata inda suka kwashe watannin farko, amsar sananniya ce: ana shan maganin basir. Ko a Amurka, da duk asibitocinsu, ganin yadda cutar ke ƙaruwa tsakanin masu ƙananan shekaru ya sa a 2021 suka rage shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45. Sankarar da aka gano da wuri ana yanke ta mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Wadda aka ba wata goma sha biyu tana yaɗuwa zuwa hanta, wannan sai dai addu'a.

Saboda haka wanda ya ga jini ya gauraya da bayan gida ba ɗiga kawai ba, ko baƙin bayan gida, ko majina, ko yana ramewa ba dalili, ko tsarin fitarsa ya canza makonni da yawa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari yana jiri yana haki, ko akwai wanda sankarar hanji ta kama a danginsa, ko ya haura shekara arba'in, wannan ba shi da uzurin ƙara kwana. Har basir na gaskiya ma, in ya daɗe yana zuba, yana iya ƙarar da jinin mutum sai an yi masa ƙari.

Kuma me ake tsoro a dubawar? Mutum zai kwanta ta gefen hagu, a rufe shi da zane, likita ya duba da ido, ya sa safar hannu ya taɓa da yatsa, in da buƙata ya sa wani ɗan bututu mai fitila ya leƙa. Minti biyar bai cika ba an gama. Wanda yake son namiji ya duba shi yana da haƙƙin ya faɗa. Shi likitan ya ga ɗaruruwa kafin wannan, gobe ma ba zai tuna fuskar ba.

In an tabbatar basir ne, to albishir, domin kuwa mafi yawan masu shi ba sa buƙatar wuƙa. Waɗanda ke kaiwa ga tiyata ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Maganin farko yana cikin akushi, kuma a nan ne matasan wannan zamani suka yi sake. Kakanninsu sun tashi da tuwon dawa da na gero wanda ba a cire masa dusa duka ba, da miyar kuka, da kuɓewa, da lalo, da kwaɗon zogale da na rama, da wake, da goruba da magarya da kanya a aljihu. Jikokin kuwa da safe shayi da farin burodi, da rana farar shinkafa da mai, da dare taliyar leda a teburin mai shayi, a kora da lemon kwalba. Ina hanji zai sami abin da zai tura? Masana abinci sun ce baligi na buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 na harza a kullum, wato wannan ɓangaren na ganye da hatsi da 'ya'yan itace da ciki ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida. Abin takaici, duk waɗannan suna nan jibge a kasuwar da ake sayar da jarkar, kuma sun fi ta araha nesa ba kusa ba. Batun da ake yi cewa zaƙi ne ke kawo basir, gaskiyar da ke ciki ita ce wanda ya cika cikinsa da kayan zaƙi bai bar wa ganye wuri ba.

Sai ruwa. Wanda ya san Illela a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda gumi ke tsiyaye mutum. Ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin tasha da bakin iyaka, da mai lodin buhunan albasa da wake, da direban da ke jiran layi, in ba su sha ruwa sosai ba jiki zai tsotse na cikin hanji, abin da ya rage ya zama kamar dutse. Mai azumi ya rama tsakanin buɗa-baki da sahur. Kada a riƙe bayan gida in ya matsa, kada kuma a je a tsuguna ana nishi in bai zo ba. Wata sabuwar ɗabi'a ta shiga banɗaki da waya, a yi minti ashirin ana latse-latse, ita ma tana ja wa waɗannan jijiyoyi nauyin da ba a halicce su don shi ba, ban da rashin ladabin da ke ciki.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, amma dole a faɗa. Tramadol da kodin suna daskarar da hanji. Wannan ba zato ba ne, sananne ne ga duk wanda ya karanta harhaɗa magunguna, domin dangin waɗannan ƙwayoyi suna rage motsin hanji. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma kowa ya san garuruwan kan iyaka ba su rabu da wannan bala'i ba. Saurayi ya afa ƙwaya da safe don ya ji ƙarfin aiki, ya kwana uku bai zaga ba, ran na huɗu ya yi yunƙuri har jini ya ɓalle, ga mazakuta ta yi sanyi saboda ƙwayar dai, sannan ya nufi mai lasifika a ce masa basir ne ya yi duka biyun. Irin wannan ko kogin magani ya shanye ba zai warke ba sai ya bar abin da yake sha.

Bayan abinci, likita kan ba da abin tausasa bayan gida, kamar ruwan laktulos ko garin Fybogel da ake damawa a kofi. Ana zama cikin ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a yini, ba tare da an zuba masa Dettol ko kanwa ko toka ba. Akwai man shafawa da na matsawa irin su Anusol, suna rage ƙaiƙayi da kumburi, amma masu sinadarin haidirokotizon ba a wuce mako ɗaya ana amfani da su, don suna sirantar da fata. Akwai ƙwayar Daflon, tana taimakawa wajen rage jini da kumburi na ɗan lokaci. Don zafi farasitamol ya isa. Kafson amfisilin da Flagyl da ake saya barkatai a kemis ba su da aiki a kan basir, domin ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba.

Idan wannan bai wadatar ba, akwai matakin tsakiya wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Likita kan sa wata 'yar roba ƙarama ya shaƙe gindin basir na ciki, a wurin da jiki ba ya jin zafi sosai, jini ya daina isa gare shi, cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi tare da bayan gida. Ba a sa mutum barci, ba a kwantar da shi, da ƙafarsa zai koma gida. Wani likitan Amurka mai suna Barron ne ya yaɗa wannan hanya a 1963, kuma asalinta ɗaurin nan ne da su Az-Zahrawi suka yi da zare. Wani lokaci sai an maimaita. Akwai kuma allurar da ake yi wa basir ɗin don ya motse. Duk waɗannan na mataki na ɗaya da na biyu ne, da wani sashe na na uku. Wato wanda ya zo da wuri shi ke samun hanya mai sauƙi, wanda ya tsaya shan jarka har abin ya fito ya ƙi komawa, shi ya kai kansa ga wuƙar da yake gudu.

Tiyatar ma ba dodo ba ce. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka tsara a asibitin St Mark's na Landan a 1937. Ana kashe rabin jiki da allurar baya, a yanke ƙullutan, a bar fata lafiyayya a tsakaninsu don kada mafita ta tsuke. Gaskiya ce akwai zafi, musamman makon farko, kuma mutum kan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya koma aiki sosai. Amma ita ce hanyar da basir ya fi wuyar dawowa bayanta. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda aka yi wa aikin basir ya rabu da mazakutarsa ko haihuwarsa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba wuya a gane wanda ke cin ribar yaɗa ta. Wanda kuma ƙullutun waje ya taso masa farat ɗaya da zafi mai tsanani, in ya isa asibiti cikin kwana uku ana iya kashe wurin a fitar da daskararren jinin ya sami sauƙi nan take.

Abin da ya wajaba a guje masa kamar wuta shi ne yankan gida. Wanzami ko wani mai ikirarin gado ya sa aska, ko ya ɗaure da zare, ko ya shafa wani abu mai cin nama. A wannan wuri akwai tsokar da ke riƙe bayan gida, in aka yanke ta mutum zai ƙare rayuwarsa yana ɓata wando, ya kasa tsayawa sahu cikin natsuwa. In wurin ya ƙone ya warke da tabo, mafita ta tsuke. Ga zubar jini, ga ruɓewa, ga sandarewar wuya, ga ciwon hanta da ƙanjamau da aska ɗaya ke iya rabawa.

Kada a fahimci cewa ana jifan itatuwa ne gaba ɗaya. Filasko, wanda shi ma Sarkin Musulmi Bello ya yi rubutu a kansa, yana sa zawo da gaske, kuma daga gare shi ake yin wani maganin da asibiti ke bayarwa. Bambancin shi ne na asibiti an auna shi, an kuma ce kada a daɗe a kansa. Na cikin jarka ba wanda ya san abin da aka zuba ko nawa aka zuba. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama maganin maza da ake cewa na ganye ne zalla, a tarar an niƙa ƙwayar Bature mai tayar da sha'awa a ciki, wadda ke iya kayar da mai ciwon zuciya. Wasu ruwan ɗaci na leda da na ƙananan kwalabe kuwa giya ce a ciki, an ma rubuta adadinta a jiki, sai dai mai sha bai karanta ba. Hatta lambar NAFDAC da ake ɗagawa sama ana nuna wa jama'a, wadda ake ba maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L, ma'anarta an gwada ba a ga guba ba, ba wai hukumar ta shaida yana warkarwa ba.

Wani zai ce duk an ji, amma talaka ina ya ga kuɗin asibiti? Wannan magana ce mai nauyi, ba a kuma raina ta. Likitoci sun yi ƙaranci a ƙauyuka, magani ya yi tsada, hanyoyin gabashin Sakkwato ba su da tabbas saboda 'yan bindiga, kuma alhakin wannan yana wuyan masu riƙe da dukiyar jama'a. Mai lasifika ya sami kasuwa ne a gurbin da suka bari. Amma ɗan uwa ya zauna ya lissafa abin da ya kashe a kan jarka da ƙulli daga Lahadi zuwa Lahadi tsawon shekara, ya gwada da kuɗin kati da na gwajin jini sau ɗaya. A cikin gari akwai Babban Asibitin Illela, a nan ake farawa. In abin ya fi ƙarfinsu za su rubuta takarda zuwa Sakkwato, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai ta Gwadabawa da Kware, inda Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suke da likitocin tiyata. Ta ɓangaren Nijar kuma akwai asibitin Konni, da na Galmi a gabas da ita, wanda ke aiki tun 1950.

Wanda zai je ya riƙe wasu abubuwa a ransa don kada kunya ta ɗaure masa baki a gaban likita: yaushe jinin ya fara, wane launi ne, yana ɗiga ne ko yana gauraye, akwai zafi ko babu, wani abu na fitowa ko a'a, sau nawa yake zagawa a mako. Ya faɗi duk abin da yake sha, har wanda ba ya son a sani. In akwai sauran maganin a jarka, ya tafi da ita ya nuna.